Me ya sa fayirin ɗin da ke jikin DNA ya dushe bayan na haɗa zare biyu?

Wata ɗaliba da ke aikin digirinta na biyu ta turo min tambaya, ga taƙaitawarta: tana da gajeren zaren DNA mai harafi 15 (haruffa su ne tubalan da ake jera zaren da su), an rataya masa fayirin, wani sinadari mai ƙyalli in an haska shi, guda ɗaya a tsakiya, a jikin sukarin wani harafi mai suna yuridin, a gurbi na 2. Ta karanta cewa in zaren ya haɗu da abokinsa ƙyallin zai ninku, amma da ta zuba masa DNA ɗin da ya dace da shi sai hasken ya ƙi tashi, har ma ya ɗan ragu, shi kuma faffaɗan tudun nan na jadawalin ƙyalli a wajen nanomita 480 (ma'aunin launin haske) da ake ta magana ko alamarsa ba ta gani ba. Ta ce: "Malam, etidiyom in ya shiga DNA haske yake ƙarawa, to me ya sa wannan yake mutuwa? Ko dai kayan ne suka lalace a hanya?"

Wa alaikumussalam ƙanwata. Kafin komai kar ki zubar da shi, kar kuma ki yi saurin rubuta wa waɗanda suka haɗa miki wasiƙar ƙorafi. Yadda kika kwatanta ɗin nan ni dai ina ganin lafiyarsa ƙalau, halinsa kawai ya nuna miki. Kuskuren yana wajen kwatanta shi da etidiyom ne, rinin nan da ake sa wa DNA don a gan shi, domin kowa da kiwon da ya karɓe shi, gurbin da ke raya etidiyom shi ne dai gurbin da ke kashe fayirin.

Bari in fara da etidiyom ɗin tunda shi kowa ya sani a lab. In yana yawo cikin ruwa shi kaɗai haske ya buge shi, kafin ya mayar da hasken ruwa ya riga ya fizge masa furoton daga ɓangaren amino ɗinsa, ƙarfin ya tafi a zafi, shi ya sa rayuwarsa a farke, wato lokacin da yake riƙe da ƙarfin hasken, ba ta kai nanosakan 2 ba (nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan). Olmsted da Kearns ne suka yi wannan bayanin a 1977. Da ya kutsa tsakanin haruffan DNA sai ya samu mafaka daga ruwa, rayuwar ta haura nanosakan 20, hasken ma ya ninku wajen sau 20, shi ne jan-lemon nan da kike gani a jel. Tayazol orenj kuma nasa daban ne, shi zobba biyu ne da wata 'yar gada a tsakani, a ruwa gadar murɗawa take yi ta zubar da ƙarfin, in DNA ya matse shi ya hana shi juyi sai hasken ya tashi fiye da sau 1000. SYBR Green ma dangin nan ne. Kin ga duk waɗannan abokin gabarsu a waje yake, ruwa ko motsi, DNA kuwa gidan tsira ne a wurinsu.

Fayirin ba haka yake ba. Zobban benzin huɗu ne a manne, kabon 16 da haidurojin 10, shimfiɗaɗɗe kamar faifai, ba shi da gadar da za ta murɗa, ba shi da furoton ɗin da ruwa zai ƙwace. Shi kaɗai a cikin ruwa ƙyallinsa yake yi abinsa. (A cikin kwaltar gawayin ƙasa aka fara samo shi, yana kuma cikin hayaƙin itace da baƙin gindin tukunya, har ruwan ɗorawar alƙalamin nan da ɗalibai ke shafa wa layi a littafi, fayiranin, jikansa ne.) Matsalarsa haruffan DNA ɗin ne da kansu. In ya sha haske na wajen nanomita 340 ya farka, ilektiron ɗinsa guda ya hau sama, sai ya zama mai saurin bayarwa kuma mai saurin karɓa. In ya jingina da tayimin ko saitosin sai ya miƙa musu ilektiron ɗin, in guwanin ne a kusa, tunda ita ta fi sauran ukun sauƙin rabuwa da nata, sai cinikin ya iya juyawa ta ba shi. Ko ta wace hanya dai ilektiron ya je ya dawo ba tare da ko ɗigon haske ya fita ba. Adenin ce kaɗai mai ɗan mutunci a cikinsu. Aikin da Netzel da Manoharan da abokansu suka fitar a 1995 a Amurka ya nuna hakan, saitosin da tayimin suka fi kashewa, adenin ce ta ƙarshe. Wato zama da maɗaukin kanwa ne, ki duba harafin da ke dama da hagu da fayirin ɗinki a takardar odar, da wanda ke fuskantarsa a ɗaya zaren, rabin amsarki yana nan.

Kuma akwai abin da ke ƙara masa wannan rauni, wanda a wani wurin shi ne abin alfaharinsa: daɗewa a farke. Fulorasin, wani rinin ƙyalli da aka saba rataya wa DNA, nanosakan 4 yake yi ya saki haskensa ya huta. Fayirin tsantsa a saikuloheksen da aka kore wa iska yana kai nanosakan 400, don siffarsa ta daidaita da yawa har ƙa'idar sakin haske ta kusa hana shi saukowa daga matakin farkawa na farko. To wanda ya daɗe a tsaye a kasuwa ai kowa sai ya taɓa shi, motsin zare kaɗan ya kawo tayimin kusa shi kenan an gama.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar a naki. Fayirin ba ya son ruwa, abin da ke narkewa a lita guda bai kai miligiram ɗaya ba, kuma faɗinsa ya kusa kai na haruffa biyu da suka haɗu, har Eric Kool ya taɓa sa shi a madadin harafi ɗungurungum, a 1999 suka nuna cewa folimares, furotin ɗin da ke kwafar DNA, na saka shi daidai gurbin da harafi ya ɓace a ɗaya zaren. Saboda haka in ya samu zare biyu na DNA, wanda ke naɗe a siffar B, abin da yake yi shi ne ya buɗa tsakanin hawa biyu ya shige ya kwanta, sama harafi ƙasa harafi, tazarar nanomita 0.34 kacal. Babu wurin da ya fi nan sauƙin musayar ilektiron. Sai haske ya mutu. Amma in zaren biyu na RNA ne, naɗin siffar A yake ɗauka, ƙaramar kwatar da gurbi na 2 ke kallo faffaɗa ce marar zurfi, sukarin ma ya lanƙwasa ta wata fuskar, sai fayirin ya zauna a waje cikin kwatar, bai jingina da kowa ba, su kuma haruffan da da suke damunsa lokacin yana zare ɗaya yanzu kowa ya kama abokinsa ya shige ciki. Nan ne yake haskakawa. Ƙungiyar Kazushige Yamana a Japan ta daɗe a kan irin wannan yuridin mai fayirin, a 2005 suka nuna da na'urar NMR cewa a RNA yana waje a DNA yana ciki. Ina kyautata zaton rubutun da kika karanta a kan RNA aka yi shi, ke kuma kika ɗauko DNA don ya fi araha kuma ba ya lalacewa da wuri. Ba ke kaɗai ba ce, da yawa sun yi.

Gani ya kori ji, kar ki ɗauki maganata haka kawai. Ki bar na'urar ƙyalli tukuna ki koma ta auna shan haske, ki duba tsakanin nanomita 300 da 380 inda DNA ba ya sha sai fayirin kaɗai. Za ki ga tudu biyu, babban yana wajen 340 zuwa 345. Auna zare ɗaya, zuba abokin, sake aunawa. In babban tudun ya matsa gaba da 'yan nanomita ya nufi 350, ya kuma ɗan rusuna, to ya shige tsakani. Sannan ki narka su, ki bi nanomita 260 kina ɗaga zafi a hankali, ki kwatanta da irin zaren da ba shi da fayirin. Wanda ya kutsa ciki yakan ɗaga zafin rabuwar zaren da 'yan digiri, don manne hawa biyun yake yi kamar gam. In kina son ƙarin hujja akwai akirilamaid, sinadarin da ke kashe ƙyallin in ya taɓa fayirin, ki riƙa zubawa kaɗan-kaɗan kina auna hasken, wanda ke waje zai dushe da sauri, wanda ya ɓuya zai yi taurin kai. Wasu da ayodaid suke yi amma ni ban cika so ba, shi caji nagatif gare shi, DNA ma haka, korar juna suke yi sai ki ɗauka fayirin ya ɓuya alhali mai kashewar ne bai iso ba. Kuma don Allah ki tabbatar zaren sun haɗu ma tukuna, gishiri milimola 100 a bafa mai fosfet, wato ruwan da ke riƙe pH a 7, ki ɗumama zuwa wajen digiri 90 ki bar shi ya huce da kansa, ba ki tsoma a ƙanƙara ba.

Sai maganar 480. Wannan ba za ki gan shi ba, kuma rashin ganinsa alheri ne. Sunansa eksaima, kuma sai da fayirin biyu. Theodor Förster da Kasper ne suka fara lura da shi a Jamus a 1954, suna ƙara yawan fayirin a kwalba sai suka ga ƙyallin da ke ta bakin shunayya yana raguwa, wani shuɗi yana tasowa, alhali shan hasken bai canza ba ko kaɗan. Ma'ana ba a kwance suke haɗuwa ba. Ɗaya ne ke farkawa, ya tarar da wani yana barci, su kifu fuska da fuska kamar an kifa ƙwarya a kan ƙwarya, tazarar wajen nanomita 0.35, su raba ƙarfin tsakaninsu, su saki haske mai ƙarancin ƙarfi, da sakinsa kuwa sai su ture juna kowa ya kama gabansa. Shi ya sa tudun eksaima sumul yake babu haƙora, don babu tsayayyen matakin da yake sauka a kai, saɓanin na guda ɗaya da ke da ƙananan tsinaye tsakanin 370 da 400. Sunan ma sai 1960 Stevens da Hutton suka raɗa masa. A sake cikin kwalba sai yawansu ya kusa milimola kafin su riƙa cin karo cikin lokacin da ɗaya ke farke, ke kuwa da maikuromola 1 ko 2 kike aiki kuma kowane zare fayirin ɗaya ne a jikinsa. Ina za su haɗu? In ma kika ga 480 a irin wannan yanayi to ki tsorata, ko zaren sun cure waje guda ne, ko jerin haruffanki yana kama kansa da kansa zare biyu su manne.

Masu son eksaima da gangan suke tsara shi. Akwai masu raba abin nema gida biyu, su yi gajerun zare biyu, ɗaya fayirin a wutsiya ɗaya a ka, in duka suka sauka kafaɗa da kafaɗa a kan zaren da ake nema sai fayirin biyun su haɗu launin ya juya daga shunayya zuwa shuɗi-kore. Ebata da Masuko sun yi haka a Japan a 1995, Kool ma ya yi nasa a 1998. Akwai masu lanƙwasa zare ɗaya kamar makamin kitso su sa fayirin a baki biyun, a rufe eksaima, in ya kama abin nema ya miƙe sai ya koma na guda. Abin da ya sa nake son wannan tsari ya wuce kyan launi, shi ne ba tsayin tudu ɗaya kike dogara da shi ba, raba na 480 kike yi da na 380 ko 400. In fitilar na'ura ta yi rauni, ko hannunki ya ɗan zarce wajen zubawa, duka biyun tare suke sauka, rabon ya tsaya. Wanda ya taɓa aiki inda wuta ke rawa ya san darajar wannan.

Daɗewar nan a farke da na ce rauni ce, ga inda take biya. Cikin ruwan jini ko ruwan kiwon ƙwayoyin halitta akwai abubuwa da ke ƙyalli da kansu, NADH misali 340 yake sha ya fitar a wajen 460, kin ga daidai kan eksaima ya zauna. Amma duk waɗannan cikin 'yan nanosakan suke mutuwa, eksaiman fayirin kuwa a jikin DNA yana kai wajen 40. A 2005 ƙungiyar Weihong Tan a Fulorida tare da ta Nicholas Turro a Kolombiya suka yi wa wani zaren DNA da ke kama furotin PDGF fayirin a baki biyu, suka haska, suka ɗan jira 'yan gomman nanosakan hayaniyar ta lafa, sannan suka buɗe ido. Abin da ya rage na fayirin ne zalla. Fulorasin ba zai iya wannan ba, tare da hayaniyar yake mutuwa. Amma fa kar in yabi ɗan kuturu, hasken da fayirin ke buƙata na UV ne, ba ya shiga nama da nisa kuma yana wahalar da ƙwayar halitta mai rai, shi ya sa ba ki ganinsa a na'urorin PCR na asibiti, can rini irin su FAM da SYBR ne ke mulki.

Wani tarko kuma da nake so ki sani tun yanzu, don ni ya kama ni. Lokacin ina koyo a wani lab na yi kusan sati biyu ina murna wai tsini na uku na fayirin ɗina ya tashi a nanomita 384, har na fara rubuta cewa ya shiga wuri marar ruwa. Dalilin murnar shi ne sanannen ma'aunin nan da Kalyanasundaram da Thomas suka kafa a 1977: in ka raba tsini na farko, wajen 373, da na uku, wajen 384, a ruwa za ka samu kusan 1.8, a heksen kusan 0.6, wato fayirin da kansa yake gaya maka irin unguwar da yake zaune. Ranar da wata babbar yaya a lab ɗin ta zo wucewa ta leƙa allon, ba ta ce komai ba sai ta ɗauki kubet, 'yar kwalbar da ake zuba samfur a sa a na'ura, ta wanke ta cika da bafa zalla ta sa, ta danna. Ga tsinin nan a 384 yana kallona, babu fayirin ko ɗaya a ciki. Ruwa ne. Warwatsin Raman na ruwa, wato ɗan hasken fitilar da ruwa ke watsowa da ragin ƙarfi, in ka haska a 340 daidai 384 yake faɗowa. Ta canza hasken zuwa 350 sai tsinin ya tashi ya koma 397, ƙyallin gaskiya kuwa ba ya bin fitila haka, inda yake nan yake. Tunda naki a dushe yake, ke ce kika fi kowa haɗarin wannan, don a samfur mai haske sosai tsinin ruwan nutsewa yake yi ba a ganinsa. Kullum ki auna bafa zalla ki cire. Sannan shi ma'aunin tsinayen kar ki dogara da shi sosai a naki, na fayirin tsirara ne, da zarar an ɗaura masa hannu a gurbi na 1 na zoben fayirin ɗin daidaiton siffar ya karye, tsinayen sukan haɗe su koma biyu ko uku, rayuwar ma ta gajarta.

Kubet kuma na kwaz za ki yi amfani da shi ba na roba ba, roba tana shan hasken wajen 340 kuma fayirin manne mata yake yi, haka bakin fifet da 'yan kwalaben roba, in kika bar ruwa mai tsarma a ciki ya kwana da safe za ki tarar ya ragu ki rasa dalili. Shan hasken a inda kike haskawa kar ya wuce 0.1, in ya wuce gaban kubet ɗin ne ke cinye hasken kafin ya kai tsakiya. Iskar oksijin ma mai kashe shi ce ƙwarai, a cikin su heksen tana iya sauko da ɗaruruwan nanosakan ɗin nan zuwa wajen 20, a ruwa dai da sauƙi don abin da ke narkewa bai wuce milimola 0.25 ba ko kusa da haka, amma in kin busa wa samfur ɗaya naitirojin to ki busa wa duka, kar ki kwatanta mai iska da marar iska.

In abin da kike nema a ƙarshe RNA ne, to ki nemo ɗan gajeren RNA mai jerin da ya dace ki gwada, zai fi kyau ma in shi zaren binciken an yi shi da RNA mai metil a gurbi na 2 don naɗin ya zama A sosai. In kuwa dole DNA za ki gano, ko dai ki karɓi dushewar a matsayin alamarki, wanda ni ban so ba don abubuwa goma na iya rage haske, ko ki sake tsari. Mutanen Jesper Wengel a Denmak sun ɗaure fayirin a kan sukarin LNA, wanda a kulle yake ba ya lanƙwasa, da gajeren hannu mai tauri yadda dole ya zauna a kwata ko ya so ko bai so ba, irin waɗannan suna haske da DNA da RNA duka. Tsada ne dai. Mai araha shi ne ki koma zare biyu masu fayirin a baki ki bi eksaima.

Ki turo min jerin haruffan 15 ɗin da inda aka rataya shi, da hoton shan hasken kafin da bayan haɗawa, tare da na bafa zalla a 340 da 350, sai mu duba tare kafin ki kai wa malaminki.